Kuɗin Fansar Innarki Sun Cika

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗiyata Saratu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina roƙon Allah wagga takarda ta same ki kin sauka Sakkwato lafiya, ba wanda ya tare ku a hanya, ba abin da ya firgita ku. Allah Ya sa kin shiga makarantar nan ta aikin jinya da ƙafar dama, Ya haɗa ki da abokan zama na kirki.

Ƙasan akwatinki na sa takardar, ƙarƙashin bargo, don kada ki gan ta sai mota ta yi nisa da Sabon Birni. Tsoro ne ya sa na yi haka, ba za ni ɓoye maki ba. Sau uku cikin makon nan ina kiran ki zaure da niyyar in yi maganar baki da baki, sai in ƙare da tambayar ki ko kin sayi sabulu. Labarin gida kuwa ba ni da shi, jiya kika baro shi. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne wayar nan da na saya maki, da asusun banki da makaranta ta sa aka buɗe maki. Ranar da na ga kina juya katin a hannunki kina murna, abinci bai shiga cikina ba.

Kin san abin da aka faɗa maki shekara uku da suka wuce. Ɓarayin daji sun ɗauke innarki, matata, a hanyar dawowa daga suna a Kamarawa, aka tara kuɗin fansa, suka ce sun ƙara, aka sake tarawa, shi ya sa ta yi kwana arba'in da ɗaya a daji. Ni na faɗa maki haka, ni na faɗa wa kawunki Lawali, ni na faɗa wa gari. Ƙarya na yi, Saratu. Ba su ƙara ko sisi ba. Kuɗin sun cika tun a kwana na goma sha takwas, suna hannuna, wani mutum ya kira ni a waya na miƙa mashi su da bakina. Kwana ashirin da ukun da ta ƙara a can babu maganin ciwon sukarinta, ni na ja mata su.

Ki zauna ki karanta har ƙarshe, ko da za ki yi kuka. Za ni faɗa maki yadda aka yi, daki-daki, don mutanen da suka yi mani wanga aiki suna nan da ransu, kuma lambar wayarki ba za ta yi wata ɗaya ba su same ta ba.

Ki fara da sanin irin mutumin da aka cuta. Shekara talatin ina kai wake da gero ƙetare ta Burkusuma, ina dawowa da dabino. Na yi ciniki da naira, na yi da sefa, na sha zama da ma'aikatan duwan, kwastan na ƙetare, har mun san sunayen 'ya'yan juna. Idan na cusa hannu cikin buhun wake na san ko an jiƙa shi. Kuma ina da baki, kin sani. Akwai ranar da wani mai sai da goro ya ba da labarin yadda aka kwashe mashi kuɗi ta waya, na yi mashi dariya a gaban jama'a, na ce ni wanda zai cuce ni sai ya sake shiri. Har yau idan na gan shi sai in canza layi a kasuwa. To ki cire wa ranki cewa sakarkaru ake yi wa wanga abu. Waɗanda suke ganin sun fi ƙarfinsa su ne ba su tsayawa su yi tambaya, ni kuwa shugabansu ne.

Kuskurena na fari ƙarami ne, har na manta da shi sai daga baya. Ana gab da shuka, wata uku kafin a ɗauke innarki, wani saƙo ya shigo zauren waya na 'yan kasuwarmu. An ce za a raba taki kyauta ga manoman da ɓarayi suka hana noma. Ga hatimi a jiki, ga hoton buhuna jibge, ga wani shuɗin rubutu a ƙasa an ce a danna shi. Wanda ya turo saƙon mutum ne da muke sahu ɗaya a masallaci, don haka ban tambaye shi inda ya samo ba. Ina zaune bisa buhu na danna. Fom ya buɗe, yana neman sunana cikakke, da garinmu, da ranar haihuwata, da sunan mahaifiyata, da lambar asusuna, da doguwar lambar nan ta shaida da banki ke ba kowa. Na cike duka. A ƙarshe aka ce sunanka ba zai shiga ba sai ka tura wa mutum goma, na tura wa goma sha biyar don in taimaki jama'a. Damina ta zo ba mu ga taki ba, na ce ai dama haka suke, na share.

Ke ma irinsa zai zo maki, sai dai ba da taki ba. Za a ce tallafin karatu ne, ko gadon kwana, ko an ɗebi sabbin ma'aikatan asibiti. Duk kyautar da ta biyo ki har cikin waya, kuma take neman lambobinki kafin ta zo, ki bar ta inda take. Makarantarku tana da ofis da ƙofa da mutum a zaune, ki taka da ƙafarki ki tambaya. Kada kuma ki ce ai ƙawata ce ta turo, mutumiyar kirki ce. Mutum goma sha biyar ɗin da na tura wa, don sun yarda da ni suka cike, kuma har yau ban san abin da ya sami kowannensu ba.

Na biyu na yi shi bayan an ɗauke ta. Kin san al'adarmu idan haka ta faru: dangi da maƙwabta da abokan ciniki kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa, a damƙa wa mutum ɗaya. Da can cikin buhu ake tarawa, amma mun ga gidan da ɓarayi suka shiga don sun ji labarin an tara. Sai na ce a zuba a asusuna, ba wanda zai fasa banki. Na rubuta saƙo da sunana da nata, da lambar asusun, da lambar wayata, da ranar da ɓarayin suka yanke muna, na ce don Allah a yaɗa. Aka kuwa yaɗa, har daga Isa da ƙetare ana kira na. Kullum sai na koma zauren wayar na ce saura kaɗan. Ranar Talata, kwana na goma sha takwas, na rubuta da hannuna cewa Alhamdu lillahi sun cika, ranar Juma'a za a kai. Godiya nike yi wa jama'a a zatona. Ashe na faɗa wa duk mai karantawa abin da ke hannuna, da inda yake, da kwanakin da suka rage mani.

Ba za ni ce maki kada ki nemi taimako ba idan kina cikin matsi, mu da jama'a muka rayu. Amma abin da aka rubuta a waya ba ya tsayawa wurin waɗanda kika rubuta wa. Ki nemi mutanen da kika sani ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya shigo hannunki, da ranar da za ki fitar da shi, ki bar su tsakaninki da mutum ɗaya da kika yarda da shi.

Yanzu ga babban. Wanga shi nike so ki karanta sau biyu.

Ranar Laraba da hantsi na tafi ƙarƙashin bishiyar dogon yaron nan ta bayan firamare, inda sabis ke kamawa. Shirinmu shi ne ranar Alhamis in ciro kuɗin kashi-kashi wurin masu na'urar cirar kuɗi, ranar Juma'a kawunki ya kai. Ina tsayawa saƙo ya shigo da sunan bankina, a daidai wurin da saƙonninsu na gaske ke shigowa. Da Turanci ne, amma ɗan bokona ya isa in gane cewa za a rufe asusuna a ranar saboda kuɗi masu yawa sun shigo ba a san asalinsu ba. Ban gama karantawa ba waya ta yi ƙara.

Mai kiran ya yi sallama cikakkiya. Ya ce sunansa Malam Nura, daga babban ofishin banki. Hausarsa irin tamu ce, ba ta baƙo ba, murya a kwance kamar mai karantar da yara. Kafin ya ce komai kan kuɗi sai da ya yi mani jaje. Ya ambaci sunan innarki, ya roƙi Allah Ya kuɓutar da ita, ya ce shi ma an taɓa ɗauke ƙanensa, ya san yadda tuwo ke zama ƙasa a baki. Wallahi, Saratu, tun da abin ya faru ba wanda ya yi mani magana mai sanyi irin tasa. Idona ya kawo ruwa a wurin.

Sannan ya ce don in tabbata daga banki yake, bari ya karanto mani abin da ke gabansa. Ya faɗi sunana uku, ya faɗi ranar haihuwata, ya faɗi sunan kakarki, ya faɗi doguwar lambar nan ba kuskure ko ɗaya. Na ce a raina wa zai san waɗanga in ba banki ba? Ko kaɗan fom ɗin taki bai faɗo mani a rai ba. Ya ce a ƙa'ida sai na zo Sakkwato da kaina, a yi bincike na mako biyu kafin a buɗe asusun. Na ce mako biyu? Jibi ne ranar. Ya yi kamar mai tunani, ya ce saboda halin da nike ciki zai yi mani a nan take, fi sabilillahi, ko da zai jawo wa kansa faɗan manaja.

Ya sa na ciro katina na karanta mashi lambobin gaba da na baya. Ya ce yanzu wasu lambobi shida za su shigo, in karanto su da sauri kafin su mutu. Suka shigo. A ƙasansu an rubuta kada a faɗa wa kowa, ko ma'aikacin banki. Na gani da idona, kuma na faɗa mashi.

Ya yi 'yar dariya ya ce, “Alhaji, wannan don mutanen waje aka rubuta shi. Ai mu muka aiko maka. Ba ni kake ba, na'ura kake ba.”

A nan na yi shakka. Na ji wani abu ya ce mani kashe wayar, ka je ka sami Lawali. Babban yatsana har ya hau kan maɓallin. Kin san abin da ya hana ni? Kunya. Mutum ya yi mani sallama, ya yi mani jaje, ya yi wa matata addu'a da sunanta, ya ce zai sa aikinsa cikin haɗari domina, sai in katse shi yana cikin magana? Ba haka aka rene mu ba. Ubana ya taɓa mari na don na juya wa baƙo baya kafin ya gama gaisuwa. Ga kuma Juma'a tana tsaye a kaina. Na karanta mashi lambobin. Ya ce ba su shiga ba, wasu za su zo. Na karanta na biyu. Na karanta na uku.

Ya ce an gama, sai dai in kashe wayar har la'asar don na'ura ta daidaita. Na yi mashi godiya. Na sa wa iyayensa albarka, Saratu, da bakin nan nawa. Na kashe wayar na sa aljihu, na tafi gida na ce wa goggonki ta dama fura, yau za ni iya sha.

To ki ji. Lambobin da ke jikin katinki, da lambar sirrin da kike dannawa, da lambobi shidan da ke shigowa, ba ma'aikacin banki na gaskiya da zai tambaye ki su, ko a waya ko a saƙo ko yana tsaye gabanki. Duk wanda ya tambaya ɓarawo ne, ko da muryarsa ta fi ta liman daɗi. Don ya san sunanki da na innarki da ranar da aka haife ki, wannan bai nuna komai ba, irin waɗanga bayanai ana tara su ana sayarwa kamar yadda nike sai da wake. Sunan banki a saman saƙo ma ana iya ƙirƙira shi, daga baya aka nuna mani. Idan aka ce maki yanzu-yanzu, ko za a rufe, ko kada ki faɗa wa kowa, ko ki kashe waya, to macutan ne suka zo. Ki amsa sallama, wannan haƙƙi ne, daga nan ki katse. Idan hankalinki bai kwanta ba, ki juya katinki, akwai lambar banki a bayansa, ki kira da kanki. Na ba ki izini ki yi rashin kunya a wanga wuri, ni ubanki na ba ki. In wani ya ce ba ki da tarbiyya, ki ce ya zo ya same ni.

Bara a kasuwar Burkusuma na ji wani dattijo kusa da ni yana cewa a waya, to ga su nan sun shigo, bari in karanto. Ban san shi ba. Na fizge wayar daga kunnensa na kashe. Ya taso zai dake ni, mutane suka shiga tsakani. Da ƙura ta lafa aka duba saƙon, ya riƙe hannuna yana tambaya ta yaya na gane. Na ce labari na ji. Ko a nan ban iya faɗin gaskiya ba.

In koma ranar Larabar. Bayan sallar la'asar na je gindin bishiyar na kunna wayar. Saƙo uku suka shigo a jere, kowanne yana faɗin abin da aka cire. Abin da ya rage bai isa kuɗin mashin zuwa Isa ba. Na zauna a ƙasa cikin jiƙaƙƙen yashi. Na kira lambarsa, kuma abin mamaki ya ɗauka. Ya ce in kwantar da hankalina, an matsar da kuɗin ne zuwa ma'ajiya ta musamman, da safe za su dawo, kada in tada hankalin iyali a banza. Na yarda. Kada ki tambaye ni yadda mai hankali zai yarda da haka. Na yarda don idan ban yarda ba, sai in tashi in shiga gari in faɗi abin da na yi.

Wanga shi ne kuskure na huɗu, kuma ya fi na ukun muni, don na ukun an yaudare ni, wanga kuwa ni na zaɓa. Da safe lambarsa a kashe. Na je wurin Sani mai na'urar cirar kuɗi na ce ya duba mani, kamar ban san komai ba. Ya duba, ya dube ni, ya rage murya ya tambaye ni ko wani ya kira ni a waya jiya. Na hau shi da faɗa, na ce na'urarsa ce ta lalace, na karɓe katina na fita. Mutumin nan yana da lambar da ake kira a rufe asusu, yana so ya taimake ni, na zage shi. Sai ranar Litinin na isa banki a Sakkwato, na ce wa mutanen gida za ni neman wani tsohon abokin ciniki. Matar da ta saurare ni ta ce an rarraba kuɗin zuwa asusu da yawa, an kwashe. Ta ce da na kira a ranar, wataƙila da an tare wani abu, ba ta yi alkawari ba, amma wataƙila. Wagga kalma ta wataƙila ita nike kwana da ita nike tashi da ita.

Don haka idan ta faru da ke, Allah Ya kiyaye, kada ki ɓata ko minti ɗaya wurin jin kunya. Ki kira banki a rufe katin, sannan ki faɗa wa mutum na kusa da ke, sannan ki kira ni. Kada ki sake kiran wanda ya cuce ki don ya yi maki bayani, aikinsa ke nan ya riƙe ki har ya gama kwasa. Bayan kwana biyu kuma wani zai kira ya ce zai iya dawo maki da kuɗin idan kin biya wani abu kaɗan, ni ma an kira ni. Su ne dai suka sake dawowa. Wallahi ba za ni yi maki faɗa ba ko nawa ne suka tafi, ba ni da bakin yi.

Na biyar shi ne ƙaryar. Ranar Alhamis da yamma kawunki Lawali ya shigo zaure, ya sha wa mashin mai, ya ɗaure jaka, yana tambaya ƙarfe nawa zai kama hanya gobe. Na dubi fuskarsa. Shi ne ya fara kawo nasa, kuɗin da yake tarawa na rufin ɗakinsa. Bakina ya buɗe da kansa na ce sun kira, sun ninka. Na ɗora wa ɓarayi laifin da ba su yi ba, don na san ba wanda zai je ya tambaye su. Lawali ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago sai ya ce, “Ko nawa suka ce, yayata ta fi shi.” Washegari ya kai shanun huɗarsa biyu kasuwa, ana tsakiyar damina, gonarsa ta tashi a ciyawa a shekarar. Ni na sai da mashin, da waken da na ajiye, da gonar Unguwar Lalle da na gada. Mutanen da suka bayar da fari suka sake bayarwa. Tsohuwar nan mai ƙosai ta ƙofar masallaci ta kawo akuyarta tana ba ni haƙuri don ba ta da abin da ya fi haka, na karɓa na yi godiya.

Su kuwa na daji na yi ta roƙon su ƙarin lokaci. Sau ɗaya suka ba ta waya. Ba ta yi kuka ba, kin san halinta. Ta tambaye ni ko kina zuwa makaranta, ta ce ƙafarta ta yi rauni ba ya warkewa, ruwa kuma yana dukan su, in da hali a aiko da maganinta. Na aika ta hannun wanda suka ce, ban sani ba ko ya isa. Ban kuma sani ba ko da na faɗi gaskiya da an fi saurin tarawa. Abin da na sani, na tsare sunana a gari, ita tana kwance a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Kada ki taɓa yin irin wanga ciniki, ɗiyata. Dariyar da za a yi maki ta mako ɗaya ce, na ga yadda aka manta da ta mai goro.

Ga wani abu da nike so mu ƙulla ni da ke. An ce yanzu har murya suna iya kwaikwaya, kuma suna shiga wayar mutum su yi saƙo da sunansa. Idan saƙo ya zo maki da sunana, ko aka kira ki aka ce an ɗauke ni, ko ina asibiti, a turo kuɗi ko a karanto lamba, ki katse ki kira ni da kanki. In ba ki same ni ba ki kira kawunki. In har an matsa maki, ki tambayi sunan da innarki ke kiran ki da shi idan tana yi maki kitso. Ban rubuta shi nan ba, kada ke ma ki rubuta shi ko'ina. Wanda bai san shi ba, ba daga gidanmu yake ba. Ko da kuwa ni ne da gaske kika katse, za ni ji daɗi, ba za ni yi fushi ba.

Saura abu ɗaya, shi ne wanda ya hana ni faɗa maki a zaure.

Kin tuna ranar da kawunki ya dawo da ita bisa mashin na aro, ya ɗaure ta a bayansa da zane don ba ta iya zama. Kin ga ƙafar, ke kika wanke ta, kuma na san tun daga ranar kika ce aikin jinya za ki yi. Kwana biyar ta yi a asibiti. A rana ta huɗu da hantsi ta farfaɗo sosai har muka sa rai, ta aike ki ki samo mata ruwan zafi. Da kika fita ta sa na matso. Na ce a raina yanzu za ni faɗa mata, in nemi gafararta tun tana ji. Na buɗe baki ke nan ta riga ni.

Ta ce, “Malam, Lawali ya faɗa mani ka sai da gonar babanka da mashin saboda ni. Sau biyu kana tarawa. Sannu da ƙoƙari. Allah Ya saka maka da alheri.”

Na ce amin.

Abin da na ce ke nan, Saratu. Kika shigo da ruwan, na tashi na ba ki wuri. Washegari ta rasu tana ganin mijinta ya yi iyakar ƙoƙarinsa, kuma ba sauran ranar da za ni iya gyara wannan.

Ranar Juma'a mai zuwa bayan an sauko daga masallaci za ni tafi gidan kawunki in faɗa mashi kamar yadda na faɗa maki. Na sa ranar a takarda don kada in sake tambayar wani ko ya sayi sabulu. Abin da zai yi da ni, shi ya sani. Ke kuma ban ce ki yafe mani yau ba. Ina roƙo dai, in kin iya, ran da kika iya. Lambata tana cikin wayarki. Idan kin kira za ni ɗauka, idan ba ki kira ba ba za ni ce kin yi laifi ba.

Allah Ya tsare ki a ɗaki da aji da hanya. Ya tsare ki daga mai bindiga, Ya tsare ki daga mai daɗin baki. Ya sa hannunki ya zama sanadin sauƙi ga marasa lafiya. Ya jiƙan innarki, Ya haskaka kabarinta, Ya ba ta ladan kwana ashirin da ukun nan. Ki ci abinci, ki riƙe sallah a kan lokaci.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki,
Garba